Kunnen Jitar Baba

Gidan Tsamiya, ta Makoda
14 ga Afrilu

Zuwa ga Kamaruddeen, bawana na Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Tahira da yara. Mu nan lafiya, sai zafin bazara. Gwaggo Fadima tana nan ƙalau, gwiwa ce dai take taɓa ta. Ta ce a gai da "wancan na Ikko". Ka san uwarka, ko da wuƙa a wuya ba za ta kama sunan ɗan fari ba.

Kada ka yi mamakin takarda. Waya a garin nan sai an hau tudun makaranta, zancen da ke bakina kuwa ya fi ƙarfin tsayuwa a rana. Nababa direba zai ɗauko shanu daga Ɗambatta jibi, shi zai kawo maka.

Ka san tun da ɓarin daman Baba ya shanye bayan girbi bai ce uffan ba. Wata biyar ke nan. Likita ya ce mu nemi duk abin da zai sa ya yi sha'awar magana, don in aka daɗe harshe ya saba da shiru, shi ke nan. Mun kawo jikoki, mun kawo abokai, har bijiminsa mun jawo masa bakin ƙofa. Kallo kawai.

Ranar Talata da hantsi sai Gwaggo ta sa na jawo mata akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonta. Ta ɗage zannuwa, ta fito da wani abu dogo naɗe a cikin saƙi. Kamaru, zauna in kana tsaye. Jita ce! Jitar lantarki, ja, da igiyarta a naɗe a gefe. Ashe Malam Sha'aban, ubana, mai sahun farko a masallaci, ya yi shekara huɗu yana kaɗa jita a Kano yana saurayi. Da ya dawo gida kakanmu ya karɓe ta, ya miƙa wa Gwaggo ya ce ta jefa a murhu. Ita kuwa ta ƙona tsohon turmi, hayaƙi ya tashi, ta ce ta ƙona. Shekara arba'in da 'yan kai ba ta gaya wa kowa ba, har shi mai jitar.

Na aro lasifikar makarantarmu mai batir, na soka igiyar, na ɗora masa jitar a cinya. Hannun hagunsa, mai lafiyar, shi da kansa ya hau wuyanta ya danne. Na ja tsirkiya ɗaya. Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Murya ce siririya mai ɗan rawa, ta fito ta tsaya a ɗakin ta ƙi tafiya. Baba ya buɗe baki ya ce, "Kai!"

Kalma ɗaya, amma da kunnena na ji. Na yi kuka har na ba kaina kunya.

Kashegari jitar ta mutu. Tsirkiya tana motsi, lasifika ba ta cewa komai. Baba ya danna, ya danna, ya juya fuska bango. Sama'ilu mai gyaran rediyo na Ɗambatta ya sa mitarsa, ya ce wannan ɗan ƙarfen da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi ne ya mutu, guda ɗaya ne tak a jikinta, kuma bai san inda ake samunsa ba.

Kai ne ka bar noma ka tafi gyaran jita, muna ta yi maka dariya. To yau dariya ta ƙare. Ka zaɓo wanda ya fi kowanne ka aiko. Umarnin uwargijiyarka ne, kuma roƙo ne.

Taubashiyarka,
Zakiyya

Ikko
23 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Zakiyya, mai bawan da ba ta saya ba,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Tahira tana gaishe ku. Allah ya ba Kawu lafiya. Ki durƙusa ki gai da Inna.

Sau uku na karanta takardarki a tsaye a bakin motar Nababa, shanu suna hura mini hanci. Shekara goma sha bakwai na yi ina hawa gadon nan! Ranar da na ce wa Inna zan koyi gyaran kayan kiɗa, kwana biyu ba ta ci tuwo ba, ashe jita tana kwance ƙarƙashinta tana jin mu. Ni da nake cewa ban gaji kowa ba a danginmu. Allahu Akbar!

Abin da ya mutu, mu a nan fikof muke ce masa, ke ki kira shi kunnen jita. Kunne ne kuwa, sai dai ba sauti yake ji ba. Maganaɗisu ne a ciki, an naɗe shi da wayar jan ƙarfe wadda ta fi gashin kanki siranta, zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, ba batir ba komai, ta bi igiya ta tafi lasifika. Ba ya taɓa tsirkiyar, amma duk abin da yatsa ya yi mata ya sani. Shekara goma sha biyar ina buɗe su, har yau in na tuna sai in ajiye aiki in yi ta mamaki.

Kin ce in zaɓo wanda ya fi kowanne. Babu shi. Kowanne da halinsa, shi ya sa na aiko biyu.

Na cikin jar leda tagwaye ne, naɗi biyu a jere. Muryarsa kauri gare ta da ƙarfi, kuma ba ya ƙugi, don ɗan'uwan yana cinye ƙugin ɗan'uwansa. Masu manyan wasanni a nan shi suke rububi. Aibinsa, yana danne siraran muryoyi.

Na cikin farar leda tilo ne, naɗi ɗaya, sabon yayi, maganaɗisunsa mai ƙarfi. Muryarsa tas take, kowace tsirkiya ki ji ta daban. Aibinsa, yana ɗan yin zuuu in akwai wutar lantarki kusa, kuma a wasu jitocin yana da tsiwa.

Na haɗo da sababbin tsirkiyoyi shida. Ki ce wa Sama'ilu waya biyu ce kawai zai liƙe da dalma, na zana masa a bayan takardar nan. Kada ya kuskura ya sassaƙe itacen don sabon kunnen ya shiga. Ya ɗora shi a sama ya riƙe da salatif har a gama gwaji. A gwada kowanne kwana biyu, a ɗaki ɗaya, da lasifika ɗaya. Ke kuma kada ki zaɓa, kunnenki na ihun 'yan aji uku ne. Fuskar Kawu za ki duba.

Tsohon kuma kada a yar. Ki naɗo shi a tsumma ki ba Nababa. Abin da ya yi shekara arba'in da rai ya mutu dare ɗaya, ruwa ba ya tsami banza, ina so in ga dalili.

Naki, amma ba bawanki ba,
Kamaruddeen

Gidan Tsamiya
6 ga Mayu

Kamaru,

Salamu alaikum. Kaya sun iso, Allah ya saka da alheri. Muna lafiya. An fara sharar gona, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Baba jiki da sauƙi, yana shan kunu, amma tuwo sai an yi da gaske.

Sama'ilu ya zo a babur da kayan aikinsa. Da ya ga zanenka ya ce ka iya, na ce kada ya faɗa a gabanka.

Tagwayen muka fara sawa. Da na ja babbar tsirkiya sai da kwanukan Gwaggo suka amsa a ɗaki, awaki suka miƙe tsaye. Malam Muntaka maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce, "Lafiya? Na ɗauka injin niƙa kuka sayo." Ni dai ya burge ni, ban taɓa sanin siririyar waya za ta iya cika gida haka ba. Baba ya danna sau biyu, ya ɗage hannu, ya ture wuyan jitar daga cinyarsa. Kashegari ma haka.

Tilon ya fi kusa. Da muka sa shi Baba ya karkato kai, ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suna tafiya har ƙasa. Na ce a raina an dace. Ya kai kamar minti biyar, sai ya yamutsa fuska irin ta wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Ya ɗago ya dube ni, ya nuna ramin da tsohon yake, ya sake nunawa. Bakinsa yana motsi, abin ya ƙi fitowa. Wallahi gara ya zage ni da wannan kallon.

Na zauna na yi tunanin bambancin, tun da ka ce kunnena na 'yan aji uku ne. Tagwayen namiji ne mai faɗa a ji. Tilon budurwa ce mai kaifin baki. Tsohon kuwa ba shi da ƙarfin ko ɗaya a cikinsu, amma muryarsa tana da ɗumi, kuma in ta fito ba ta gaggawar tafiya. Sau ɗaya na ji ta, ta ƙi barin kunnena. Shi da ya yi shekara huɗu da ita fa?

Wani abu kuma. Tun ranar da Gwaggo ta fito da jitar ba ta ƙara shiga ɗakin Baba ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta yi sannu ta wuce. Na tambaye ta, ta ce, "Ke yarinya ce. Na bar mutum yana makokin abin da ke ƙarƙashin gadona shekara arba'in. In bakinsa ya buɗe, me kike zaton zai fara ce mini?" Duk da haka ita ce kullum take tambayata ko an samu mai muryar.

Ga tsohon nan a cikin tsumma. In akwai irinsa a Ikko, ko a hannun wa yake, ka nemo.

Zakiyya

Ikko
15 ga Mayu

Zakiyya,

Gaisuwa a taƙaice, Nababa yana hura mini ƙaho. Muna lafiya.

Na buɗe shi. Irinsa ba ya kasuwa, na zaga duk inda na sani. Waɗanda suka ƙera shi da hannu suka naɗa, sako-sako, maganaɗisun kuma shekaru sun tausasa shi, shi ne ɗumin da kika ji. Ba a sayar da shekaru a shago.

Amma ba tsufa ya kashe shi ba, kashe shi aka yi. Murfinsa ya tsage ta gefe, wani ya bi ta nan ya kankare wayar, ta tsinke a wuri ya fi ɗari. Har ƙasa-ƙasa na gani a ciki. Wanda ya yi wannan ba shi da imani, kuma ba sai an yi duba ba, wa ya taɓa jitar da ƙarfe in ba mai gyaran rediyonku ba? Ki gaya masa ya tsaya a rediyo. Kada ya ƙara taɓa kayan Kawu.

Kamaruddeen

Gidan Tsamiya
22 ga Mayu

Yaya Kamaru,

Salamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwan shuka ranar Lahadi, an shuka gero. Gonar Baba 'yan'uwa suka taru suka shuka masa.

Yau ba wasa a takardar nan. Ka wanke Sama'ilu, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Marar imanin da kake nema ni ce.

Ranar da Baba ya ce "Kai!" murna ta hana ni zama. Na dubi jitar na ga duk ta yi dauɗa, ƙarfen nan ya yi baƙi. Na ce abin da ya buɗe bakin ubana ba zai kwana da tsatsa ba. Na ɗebo toka da lemon tsami da soson ƙarfe, na zauna na dirje shi yadda muke dirje tasoshin jere. Da na ga wani abu ja yana leƙowa ta tsagin, na ɗauka tsatsa ce, na sa tsinke na ƙwaƙulo ta. Ya yi ƙyalli kuwa, har fuskata nake gani. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ka gani a ciki toka ce. Na so in faɗa tun takardar farko, na kasa.

Abin da na ƙwaƙulo na ƙulle a leda na ɓoye a gwangwanin allura. Jiya na tarar da Gwaggo ta baje shi a cinya, ta zaro sili ɗaya tana murzawa a yatsa. Ashe tun ranar ta gan ni. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa ta yi, "Wannan ai zare ne. Ikon Allah, ƙarfe ya zama zare! Wa ya kaɗa shi haka?" Na karanta mata bayaninka na naɗi. Sai ta ce, "In naɗi ne kawai, ki ce wa wancan ya aiko da zaren da abin da ake naɗawa a kai. Tun ban kai ki tsawo ba nake riƙe da mazari."

Na san za ka yi dariya. Ni dai na isar da saƙo. Ka yafe mini, in ka iya.

Zakiyya

Gidan Tsamiya
24 ga Yuni

Yaya Kamaru,

Salamu alaikum. Mun yi Sallah lafiya, ina fatan kun yi lafiya.

Sau uku Nababa yana dawowa, sau uku ina tare shi a tasha yana juya mini tafin hannu. Na hau tudun makaranta na danna lambarka, na kashe kafin ta shiga. Na sake karanta inda ka ce marar imani har takardar ta yage a lanƙwasa. In fushi kake, ka yi da ni, na cancanta. Amma Baba ya daina nuna ramin. Da yana nunawa ina jin zafi, yanzu da ya daina na gane wancan sauƙi ne. Kunun ma sai Gwaggo ta aiko da rantsuwa yake sha.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Zakiyya

Ikko
2 ga Yuli

Zakiyya ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Takardarki ta hana ni cin abinci.

Wane irin fushi? Da na karanta zancen toka dariya na yi har Tahira ta fito, daga baya na yi hawaye. Duk gidanmu wa zai ga ƙarfe ya yi baƙi ya bar shi? Kalmar nan da na rubuta na janye ta, ki ba Sama'ilu haƙuri, na ɗauki alhakinsa.

Kunya ce ta rufe mini baki. Na ce ina gwani a Ikko, a ce tsohuwa a ƙauye ta naɗa mini fikof? Na sayo waya na ce sai dai ki ga kaya a gama. Sau biyar ina naɗawa. Uku ta tsinke a hannuna bayan na wuce dubu biyu. Biyu na kai ƙarshe a injin wani abokina, na gwada, muryar ta fito a ƙulle, don inji matsewa yake yi, layi a kan layi. Kullum ina cewa gobe zan dace in rubuto. Ban yi tunanin yadda shirun zai zauna miki ba, ban yi tunanin kwanakin Kawu ba. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Ga ƙashin kunnen nan, wato abin da ake naɗa wayar a kai, na share shi, ga ƙwarƙwaron waya. Ku manna ƙashin a jikin kan keken ɗinkinki na hannu, inda yake juyawa. Ke ki juya a hankali. Ƙwarƙwaron a ajiye shi a ƙasa a tsaye, wayar ta taso ta bi tsakanin yatsun Inna, tana kai ta gefe da gefe. Kada ta ja, kada ta saki. Na auna tsohuwar wayar, zagaye dubu shida da ɗari biyu ne, ko kusa. In ta tsinke, a warware a koma farko. In an gama Sama'ilu ya liƙe bakin wayar biyu, a tsoma shi a narkakken kakin zuma mai ɗumi, ba mai zafi ba.

Ki ce wa Inna ɗanta ya gaza, ya miƙo.

Kamaruddeen

Gidan Tsamiya
16 ga Yuli

Zuwa ga Kamaruddeen, bawana, na mai da kai matsayinka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gero ya kai gwiwa, an gama noman farko. Ka nemi wuri ka zauna, takardar nan da tsawo.

Ranar Asabar bayan an karya muka shimfiɗa tabarma a rumfa. Gwaggo ta yi alwala, ta ɗauko taskirarta ta kaɗi, ta shafa alli a yatsa kamar yadda take yi wa auduga. Na karanta mata kada ta ja kada ta saki. Ta ce, "Ji yaro. Shi zai koya mini?" Ta sa aka ɗebo ragowar gyaɗar iri. Duk zagaye ɗari in jefa ƙwaya ɗaya a tasa, sai sun cika sittin da biyu.

Kamaru, ni wayar nan ba na ganinta sai rana ta haska ta. Gwaggo kuwa ko kallonta ba ta yi. Ta rufe ido, ta karkata kai, hannunta yana kai da kawowa shi kaɗai. Can sai ta ce, "Rage sauri, tana kuka." Ni ban ji komai ba. Can kuma, "Ƙara, ta yi barci." Ƙashin nan fari yana ta yin ja a gabana, yana kumbura kaɗan-kaɗan, sai sheƙi yake. Matan maƙwabta suka shigo suka zauna suna kallo. Hannun nan da na sani da tuƙa tuwo da dungure mini kai, ban san abin da ke cikinsa ba sai ranar. Muka tashi muka yi azahar, ta danne wayar da ƙwarya, muka dawo. Kafin la'asar mun gama. Ko sau ɗaya ba ta tsinke ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, na daina ɓoye-ɓoye. Da muka tafi salla kaza ta shiga tasar. Na kore ta, amma ban san ko ta haɗiye ɗaya ba. Don haka ko dubu shida da ɗari biyu ne, ko da ɗari uku, kazar ce kaɗai ta sani.

Sama'ilu ya zo ranar Litinin. Ya sa mita, allurar ta motsa, ya cire hula ya ce, "Hajiya, da rai!" Muka tsoma shi a kakin da Malam Muntaka ya ba mu daga amyarsa, ya huce, aka ɗaura shi a jitar.

Na shiga da jitar. Baba yana fuskantar bango, bai juyo ba. Na zauna a bakin gado na ja siririyar tsirkiyar. Ita ce, Kamaru. Ba zan rantse cewa daidai take da ta da ba, wataƙila wannan ta fi ta haske kaɗan, amma ɗumin nan yana nan, da rawar nan, da ƙin tafiyar nan. Na ga bayansa ya motsa. Ya juyo da ƙyar, na tallafe shi, na ɗora masa. Hannun hagu ya hau. Yana dannawa yana yi mini nuni da haɓa, ina ja. Na yi ta kuskure, yana ta harara ta. A hankali wani kiɗa ya haɗu wanda ban taɓa ji ba, sai na ji yana binsa da ƙugi a maƙogwaro, ƙugin yana neman zama kalmomi.

Ban san Gwaggo tana bakin ƙofa ba sai da ya ɗaga hannu daga jitar. Ya dube ta. Ta yi kamar za ta juya. Bakinsa ya yi ta kokawa, mu duka muka tsaya, har lasifikar ana jin numfashinta. Sai ya ce, a rarrabe, kowace kalma da nata gumin:

"Yaya. Ashe... ba ki... ƙona ba."

Gwaggo ta dafa ƙofa ta ce, "Ban ƙona ba, Sha'aban."

Ya ce, "Madalla."

Shi ke nan abin da ta yi wata uku tana tsoro. Ta shigo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma yana dariya da rabin baki, hawaye yana bin ɓarin da ya shanye. Ranar ya ci tuwo, da hannun hagu, ya ɓata riga.

Tun daga nan kullum da hantsi muna yi. Kalmomi suna zuwa ɗai-ɗai, jiya goma sha ɗaya na ƙirga. Likita ya ce kada mu fasa ko kwana ɗaya. Tagwayenka da tilonka suna hannun Nababa, ka ba masu manyan wasanni, mun gode.

Saura ƙorafi. Yau da na ja tsirkiyar da ba ita ba karo na uku, ya kama hannuna ya ajiye shi gefe, ya girgiza kai, ya ce, "Kamaru." Gwaggo tana zaune. Na ce, "Gwaggo, kin ji wanda yake kira?" Ta ce, "Na ji. Ki rubuta ki ce ya zo. Ni na hana shi, ni na ce ya zo."

To ka ji. Hannun hagu yana nan yana jira, na dama muke nema. Nababa zai juyo ranar Alhamis, ya ce akwai wurin zama a gaban mota.

Uwargijiyarka,
Zakiyya